Jesi Goma Sha Biyu a Randar Shuni

Ni gajere ne, gara in faɗa tun da wuri. Ko na tattaro ƙarfina duka na yi tsalle, yatsana bai taɓa shafar ragar kwando ba. Amma a shekarun nan da nake ba ku labari, ba mai yin zancen ƙungiyar ƙwallon kwando ta Unguwar Kanawa bai sako ni a ciki ba, domin ni nake rina singiletin 'yan wasa.

Babana marini ne, daga Kano ya taso ya zauna a Kaduna. Ko da na yi wayo sana'ar ta riga ta ja baya, atamfar masaƙu ta cika kasuwa, amma ya ƙi rabuwa da randunansa biyu da ya binne a bayan gida. Yana rina wa tsofaffin mata zane, wani lokaci rawani. A wurinsa na koyi haɗa shuni da toka, da motsa randa da muciya, da gane ta nuna daga kumfar da ta taso.

Ƙungiyar kuwa malamin motsa jiki na firamarenmu ne ya kafa ta, a wani filin siminti da ya tsattsage a bayan azuzuwa. Allon katako ne, zoben kuma maƙeri ya lanƙwasa mana. Da farko fararen singileti ake sawa, irin na kasuwa. Ranar da 'yan Unguwar Shanu suka zo su ma da farare, aka rasa gane na wane da na wane, har wani namu ya miƙa wa abokin gaba ƙwallo hannu da hannu. Ana cikin dariya aminina ya ce, “Malam, ai gidan su gajeren nan akwai shuni. A ba shi ya rina mana.”

Aminin nan nawa tare muka taso, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shi Allah ya ba shi tsawo, ni ya ba ni baki. Shi ne ya zama kyaftin daga baya, kuma da wannan magana tasa ɗaya ya sama mini wuri a ƙungiyar da ba zan taɓa yi wa wasa ba. Ni nake ɗaukar masa takalmi. Idan an tashi mu biyu muke takowa gida, mu tsaya wurin mai rake, ya tambaye ni, “To, yaya ka ga wasana yau?” Malam zai faɗi nasa, 'yan kallo su faɗi nasu, amma sai ya ji nawa hankalinsa ke kwanciya. Idan na ce ya yi shirme, da shi zai kwana.

Shuni yana da hali guda: yana zuba a jiki. Ɗan wasa ya yi gumi, kafaɗunsa da wuyansa sai su koma shuɗi. Daga nan wata al'ada ta samo asali wadda ba wanda ya zauna ya tsara ta. Duk ranar da muka ci wasa, alƙali na hura usur sai mu ruga cikin fili, kowa ya shafi kafaɗar ɗan wasa ya kwashi shuni a tafin hannu. Da haka ake shiga unguwa, hannu a sama. Matan da ke bakin zaure ba sa tambayar yadda aka tashi, hannu suke dubawa. Akwai wani mai shayi Bazamfare da ke rufe teburinsa ranar wasa, shi har a gemu yake gogawa. Ni kuwa ina tafe a tsakiyarsu ina jin kaina kamar na fi kyaftin, domin shunin da ke hannun kowa daga bayan gidanmu ya fito.

Sai ga mai babur.

Ɗan wani babban ma'aikacin gwamnati ne, suna zaune a gidajen ma'aikata ta wajen Kawo. Ya gama karatu, yana aiki a ofishin talla na wani kamfanin lemon kwalba. Wata rana ya tsaya kallo, ya jingine babur ɗinsa a gindin mangwaro, da aka tashi ya je ya ba kyaftin hannu. Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, bawan Allan nan ba shi da aibu. Na bincika, wallahi na bincika. Yana gaishe da manya har ƙasa, ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya. Ni kaina da hannu biyu yake gaishe ni, ya ce, “Sannu da ƙoƙari, mai rini.” Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ba a yi wata biyu ba ya zo da albishir. Kamfaninsu zai ɗauki nauyin ƙungiya: sababbin ƙwallaye, takalma, gyaran fili, da motar kai 'yan wasa idan wasan na wani gari ne. Sharaɗi ɗaya ne. Za a bar shuɗi a koma ruwan ɗorawa, launin kamfanin, da sunansa a ƙirji.

Malam ya tara mu a gindin mangwaron nan, 'yan wasa da mu magoya baya. Kafin ya rufe baki na miƙe. Na ce shuɗi da shi aka san mu daga nan har Zariya, na ce wanda ya sayar da launinsa gobe sunansa zai sayar, na faɗi maganganu manya-manya da ban san ina da su ba. Mai shayi ya buga cinya ya ce, “Mu dai shuɗi munka sani!” Mutane da yawa suka goyi bayanmu, kuma su tsakani da Allah suke yi. Sai kyaftin ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mana takalminsa, wanda ni na fi kowa sanin sau nawa na kai shi wurin mai gyara. Ya ce, “Jama'a, ku launi kuke kallo, mu a kan wannan muke gudu.” Mai babur yana gefe ya sunkuyar da kai, wai shi kunya.

Jesin, wato sababbin rigunan wasa, suka iso a cikin kwali, kowace a ledarta, masu sulɓi da ƙyalli. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Sun yi wa kyaftin kyau ƙwarai, har na ji haushin idona.

Wasan farko da aka yi da su mun ci. Usur na tashi muka ruga kamar yadda muka saba, muka shafi kafaɗu, kowa ya duba hannunsa. Gumi ne kawai. Mai shayi ya juya tafinsa gaba da baya, ya goge a riga, ya kama hanya bai yi wa kowa sallama ba. Ni na tsaya neman takalmin da zan ɗauka, ashe yanzu kowa da jakarsa ta ratayawa. Ina waiwayawa na hango kyaftin ya haye bayan babur, dogayen ƙafafunsa na neman jan ƙasa, ya karkata yana yi wa mai babur magana a kunne. Na san tambayar da yake yi masa. Ya ɗago mini hannu ya ce, “Gajere, sai na shigo!” Bai shigo ba. Na sha rakena ni kaɗai, ko daɗi bai yi mini ba.

Daga ranar na zama shugaban 'yan shuɗi. Na bi gida-gida na karɓo tsofaffin singileti, muka ɗaura su a sanduna. Ranar wasa mu ware gefe guda muna kaɗa su, muna waƙar a dawo mana da launinmu. Ƙungiyarmu na zura ƙwallo, mu muna ihun wani abu daban. Mutane suna yaba mini, wai ni ne mai kishin unguwa. Babana ne kaɗai bai yaba ba. Wata rana ina motsa randa ina zuba masa bayani a kan asali da gado, ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kai, shunin kake wa kuka ko abokin?” Na ce, “Haba Baba!” Ya ce, “To, motsa da kyau, ƙasan bai haɗu ba.”

Ana haka aka sa ranar babban wasa da wata ƙungiya ta ƙetaren kogi, ranar Asabar, kuma aka ce manajan kamfani da kansa zai zo kallo. Ranar Alhamis da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga kyaftin da ƙullin kaya a kafaɗa. Rabon da ya tako gidanmu har na manta. Zuciyata ta yi fari, na matsa masa a benci.

Ya ce, “Mutumina, ka yi wuyar gani.”

Na ce, “Ni? Ai ni ba ni da babur, kullum ina nan inda ka bar ni.”

Ya yi dariya ya dafa kaina, abin da ya san na tsana kuma na yi kewa. Ya kwance ƙullin. Jesi ne goma sha biyu. Ya ce daga yau duk kayan ƙungiya a hannuna za su riƙa zama, ni zan wanke in adana in kawo fili, kuma za a ba ni wurin zama a bencin 'yan wasa, har motar tafiya da ni. Ina jin haka na fara washe baki. Da ya tsaya a nan da ba a yi abin da aka yi ba. Sai ya ƙara da cewa, “Ka san ma wa ya kawo shawarar? Mai babur. Shi ya ce bai kamata a bar ka a baya ba. Wallahi mutumin nan yana ganin girmanka.”

Wato matsayin da na kai ke nan. Wurin da aminina ya ba ni da bakinsa, yanzu wani ne zai tausaya ya sammini gefensa, daga mai rini na koma mai wanki da guga. Kuma ba shi ne ma ya tuna da ni ba, tuna masa aka yi. Na ce, “Madalla, a yi masa godiya.” Ya tafi yana murna ya gyara zumunci.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci Baba ya wuce gaisuwar rasuwa Unguwar Shanu. Na shiga bayan gida da ƙullin da niyyar wanki, Allah ya sani har ruwa na ɗebo. Sai na dubi randa. Ta nuna sosai ranar, kumfa ta taru a ka. Na ce a raina, gobe a gaban manaja, a gaban mai babur, ƙungiya za ta fito da shuɗinta, 'yan kallo su ɗauki ihu, kowa ya san mai unguwa. Har na ga kyaftin yana girgiza kai yana dariya yana cewa, “Gajeren nan, ba ka da dama.” Ban gwada da guda ɗaya ba, kamar yadda ko sabon shiga zai yi. Duka goma sha biyun na danna da muciya.

Duk wanda ya san rini ya san cewa tufa ba ta fitowa daga randa da shuɗi. Kore-kore take fitowa, sai iska ta buge ta sannan ta juya a gaban idonka. Don haka da na tsamo ta farko na gan ta kore, ko a jikina. Na shanya su a igiya, na tsaya riƙe da ƙugu ina jira su juya. Na jira. Bakin wuya da na hammata, inda aka yi da zaren auduga, suka yi shuɗi mai kyau. Sauran jikin kuwa ya tsaya a wani kore mai datti, wani wuri duhu wani wuri haske, sak miyar kuka. Sunan kamfanin na nan daram a ƙirji, ko gezau.

Na sake tsomawa. Na sake, sau uku. Da na ga abin ƙara muni yake, sai na juya neman ruwan ɗorawar da na tsana. Na wanke da sabulu, na dirza da toka, na tafasa ruwa, har fatar yatsuna ta saɓule. Shuɗi bai zo ba, ɗorawa ba ta dawo ba.

A haka Baba ya same ni. Ya taɓa ɗaya, ya murza ta tsakanin yatsu. Ya ce, “Wannan ai leda ce. Shuni ba ya kama leda.” Na ce ban sani ba. Ya ce, “Da ka sani ma za ka yi. Tashi ka je ka faɗa masa da bakinka, tun da sauran rana.” Katanga ɗaya ce tsakaninmu, na faɗa muku. Ban je ba.

Da safe kyaftin da mai babur suka zo ɗaukar kaya. Na shigar da su bayan gida. Mai babur ya dubi igiya ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya zauna a kan turmi. Kyaftin bai dubi jesin sau biyu ba, ni ya tsaya kallo. Ya ce, “Me na yi maka?”

Na ce, “Shuɗi ne launinmu.”

Ya ce, “Ba wannan na tambaye ka ba.”

Amsar na nan a bakina, gajeriya ce ma. In ce ka daina tambayata yadda wasanka yake, ka daina bin hanya da ni. Amma namiji mai gemu ya buɗe baki ya faɗi wannan a gaban mutumin da yake kishi da shi? Na gwammace in mutu. Na sake cewa shuɗi ne launinmu. Ya sauke jesin ɗaya bayan ɗaya, ya ninke su da kansa, suka fita.

Da su aka yi wasan, domin mai babur ya ce ko ba komai sunan kamfani yana karantuwa. 'Yan wasanmu na shiga fili magoya bayan ƙetaren kogi suka kwashe da dariya. Wani ƙato a cikinsu ya ɗaga murya, “Ga miya, ina tuwo?” Shi ke nan suka samu waƙa, da ita suka raka mu har aka tashi. 'Yan shuɗina da suka zo da sandunansu suka yi tsuru-tsuru. Mai shayi ya dubi hannuna, ya ga yatsun da suka rine suka saɓule, ya dubi fuskata, ya tashi ya koma can wani gefe. Ban ma san wanda ya ci wasan ba da farko, sai daga baya na ji mu ne.

Ana tashi manajan ya kira Malam da kyaftin da mai babur. Ina tsaye bai fi taku uku ba, ina jin komai. Ya ce shi ba zai yi dogon zance ba, a gaya masa wanda ya wulaƙanta kayan kamfani, in ba haka ba yau tallafi ya ƙare. Mai babur ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Sai kyaftin ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ne. Ni na bayar a rina, na ɗauka jama'armu za su ji daɗi.”

A nan ne ya kamata in taka taku ukun nan. Rinin da na yi wauta ce, ana yafe wauta. Amma na tsaya kamar an dasa ni, na cusa hannuwana a aljihu don kada manaja ya gani. Aka cire shi daga kyaftin nan take, aka dakatar da shi har ƙarshen kakar wasa. Kamfani ya kawo wasu sababbin jesi, ruwan ɗorawa kamar na farko, mai babur ne ke tafiya da su gida a wanke.

Aminina bai taɓa yi mini faɗa ba. Idan mun haɗu a masallaci zai ba ni hannu, ya tambayi Baba, ya wuce. Na je gidansu sau biyu, Innarsa ta ce, “Ya fita, ɗana,” alhali ina ganin takalminsa a ƙofar ɗaki. Na uku ban iya zuwa ba. Ina ta tanadin maganar da zan faɗa, ina gyara ta, kullum in ce gobe. Kuma kada ku ɗauka kishin ya mutu saboda kunya. Ina! Duk la'asar ina jin ƙarar babur ɗin nan ya tsaya a ƙofar gidansu. Mai babur ke kai shi wani fili a cikin gari yana motsa jiki don kada ya yi sanyi. Shi ne kuma ya rubuta wa wani saninsa a Legas, har wata ƙungiya ta can ta ce a turo shi.

A teburin shayi na ji labarin tafiyar, kamar kowane bare. Aka ce gobe da safe zai hau mota a tashar Kawo.

Akwai abin da na sani game da shi wanda yake ɓoyewa, domin yana ganin abin kunya ne ga ƙato kamarsa: mota tana sa shi amai, sai in yana tsotsar lemon tsami. Tun muna yara da ake kai mu ƙauyensu ni ke riƙe masa, in miƙa masa a ɓoye ba wanda ya gani. Ko 'yan wasan da suka yi shekaru tare da shi ba su sani ba. Na ce to, ga abin da zan je da shi. Ba sai na yi dogon bayani ba, in miƙa masa kawai, zai gane. Da gari ya waye na sayi guda huɗu masu ruwa, na zuba a aljihu, na taka har Kawo.

Na same su motar ta kusa cika. Yana zaune a bakin taga, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba. Mai babur yana ta kai da kawo, ya sa an ɗaure jaka a sama, ya yi wa direba magana. Na tsaya a bayan rumfar mai burodi ina jira ya matsa in samu fili. Sai na ga ya dawo bakin tagar, ya waiga dama da hagu, ya sa hannu a aljihu ya ciro lemon tsami, har ya riga ya yanke kansa. Ya miƙa masa a ɓoye, ta ƙasan hannu, yadda nake yi.

Ashe ya gaya masa.

Direba ya tayar da mota. Da za su fita daga tasha idonsa ya faɗo kaina, ya ɗago hannu, na ɗaga nawa. Mai babur ya hango ni, ya turo babur ɗinsa har inda nake, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Mai rini, ashe ka zo. Hau in rage maka hanya.” Na ce ina da abin yi a Kawo. Ba ni da komai a Kawo. Na tako gida da ƙafa, lemo huɗu na bugun cinyata, kuma wallahi har yau idan na tuna, tafiyarsa ba ta yi mini ciwo kamar lemon nan ɗaya da wani ya miƙa masa ba.